Skuba da Hausa: kurme ne ko nutso?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Daren jiya a tsakar gidanmu nan Bur Sudan, ƙanena ya kunna bidiyo a waya: mutum biyu cikin wata tsohuwar mahaƙa da ruwa ya cinye, fitila a goshi, tulun iska a baya, suna bin layin dogo har suka iske keken ɗibar dutse da tsatsa ta gama da shi. Hajiya ta leƙo ta ce, "Waɗannan kuma me suke yi?" Na ce da Larabci, "Gaus, Hajiya." Ta ce, "Da Hausa na tambaye ka." Sai na yi tsuru. Shekara shida ina cika tulunan nan a jirgin da ke kai baƙi Sha'ab Rumi, wani wurin murjani a cikin Bahar Maliya, da wajen Umbria, jirgin Italiyan da aka nutsar a 1940, har yaƙin Sudan ya tsayar da harkar, amma ban taɓa kiran aikin da sunan Hausa ba.

Ita skuba haruffan farko ne na kalmomin Turanci biyar, ma'anarsu kayan numfashi a ƙarƙashin ruwa da mutum ke ɗauke da abinsa. Na'urar da ta game duniya Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka haɗa ta a Faransa a 1943, shi Cousteau ɗin da ya zo ya kafa ɗakunan kwana a ƙarƙashin tekunmu a Sha'ab Rumi a 1963. In na ce wa Hajiya "skuba", ban gaya mata komai ba.

Tun da na jefa tambayar, ga amsoshin da suka shigo zuwa yanzu. Iyo da ninƙaya na ajiye su, aikin saman ruwa ne. Da yawa kun ce nutso. Kalma ce mai kyau, sai dai tana da 'yar'uwa mai ban tsoro. Ka buga waya gida, layi yana yankewa, ka ce Yaya ya yi nutso, kafin ka ƙarasa an fara salati.

Sai Kawu ya turo murya daga garin Mai Wurno na nan Sudan, yana faɗa: "Kai ɗan nan, kurme! Me muke yi a kogi muna yara in ba kurme ba? Ka toshe hanci ka ɓace, ka ɓullo can gaba." Allah ya ƙara girma, Kawu, ka raba gardama. Mai kurme da niyyarsa ya shiga, da niyyarsa zai fito. Saura a bambanta na riƙe numfashi da na kayan aiki.

Wani ɗan'uwa daga Jidda ya ce "kurmen oksijin". A nan kam ba zan sassauta ba, don ni na cika tulunan da hannuna. Iskar da muke shaƙa ce kawai aka danna da kwamfaresa, oksijin ɗinta kashi 21 cikin ɗari. Zallar oksijin guba ce da zarar an wuce kamar mita 6, tana sa mutum farfaɗiya a cikin ruwa. Bai kamata mu raɗa sunan da zai koya wa yaro kuskure ba. Ambuba kuwa, yadda ake kiran tulun da Larabcin nan, ta gas ɗin girki ce a kunnen kowa. Ni dai na tsaya a kan kurmen tulu, mai yinsa ɗan kurme, jam'i 'yan kurme. (A kula da rubutu, harafi ɗaya ne tsakaninsa da kurma.)

Na cikin mahaƙa yana buƙatar nasa sunan, don ba aiki ɗaya ba ne. A teku in abu ya ɓaci, sama a buɗe take, a hankali za ka hau. A mahaƙa dutse ne bisa kanka. Ƙafa ɗaya ta taɓa laka, ruwa ya gurɓace, fitilarka ba za ta nuna maka tafin hannunka ba. Shi ya sa suke jan igiya tun daga baki, suna kasa iskarsu uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. Irin wuraren nan akwai su: Bonne Terre a Amurka dalma ake haƙa, aka rufe a 1962, aka kashe famfuna, ruwa ya cika ta, yau 'yan kurme ke biyan kuɗi su shiga. Wannan na ce a kira shi kurmen rami.

Na koma na gaya wa Hajiya. Ta maimaita "kurmen rami" sau biyu, ta gyaɗa kai, ta ce, "To, iyayensu sun san can suka tafi?"