Idan libar giyar taya huɗu ta ƙi shiga

A tattaunawar da aka yi kan abin yi idan liba, wato hannun sa giyar taya huɗu, ta ƙi shiga, yawancin makanikai da direbobin Hilux da suka sa baki sun ce kada a yi gaggawar sauke akwatin giya. A fara leƙa ƙarƙashin mota. Galibi bushin, wato robar da ke mahaɗar ƙarafa, shi ne ya cinye, ko laka da tsatsa suka kame sandar da ke haɗa liba da akwatin. A wanke, a shafa giris, a canza bushin. Wajen saita sandar kuwa, a tabbata liba da akwatin duk suna firi, wato ba a cikin kowace giya ba, kafin a ɗaure noti.

Shawarar da ta fi burge ni: idan liba ta maƙale a 4H (giyar taya huɗu ta gudu) bayan tafiya kan kwalta, ƙafafun ne suka ɗaure, a ɗan yi ribas za ta saki. Sa 4L (giyar taya huɗu ta ƙarfi, mai tafiya a hankali) kuma sai mota na tsaye, giya a firi.