Wane suna za mu raɗa wa zoben da ke riƙe fuli ba tare da ki ba?

Masu gyaran inji da malaman Hausa, ku matso kusa. Ranar Laraba yarona ya yi min tambayar da ta ƙure ni a Argungu, gaban mai inji kuwa.

An kira mu duba wani sabon injin casar shinkafa. Yaron ya cire murfi, ya leƙa bakin fuli, wato faifan da bel ke hawa, ya bi shaf ɗin, sandar ƙarfen da ke juya shi, da yatsa, ya ji shi sumul babu tsaga ko ɗaya. Sai ya ɗago ya ce, "Oga, ina gidan ki? Ko mantawa sunka yi ba su yanka ba?" Na nuna masa wani zoben ƙarfe da ya shige tsakanin shaf da fuli, kusoshi takwas sun kewaye fuskarsa. Na ce wannan ne ke riƙe da komai. Ya ce, "To mi as sunanshi?" Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne Turancin takardar injin, wai lokin asambuli. Ya maimaita sau biyu. Kafin la'asar ya koma ce masa "abin nan".

Tun da Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a nan Kebbi a Nuwamban 2015, injinan casa sai ƙaruwa suke, kuma wannan zobe yana zuwa a jikinsu, a fuli, a giya, a gangar da ke jan bel. Abin da za mu riƙa taɓawa kullum bai kamata ya zauna ba suna ba.

Ga wanda bai san aikin ba: mun saba da ki, ɗan guntun ƙarfen nan da ake kwantarwa rabi a tsagar shaf, rabi a tsagar fuli. Shi kaɗai ke ɗaukar duk ƙarfin juyi. Inji na tashi yana tsayawa, ki na cin gefen gidansa a hankali, har wata rana ka ji ƙwas-ƙwas duk sanda aka tayar. Na taɓa samun injin da aka gaji da canza masa ki, mai walda ya zo ya liƙe fuli da shaf gaba ɗaya. Ranar da boris ɗin da shaf ke juyawa a cikinsa ya mutu, sai da muka yanka shaf ɗin. Tsagar kanta ma rauni ce, don a nan shaf ya fi karyewa.

Shi wannan zobe kuwa zobba ne a cikin juna, kowanne gefensa ɗaya ya fi kauri, kamar wejin da yaron mota ke sa wa taya. Kana ɗaure kusoshin, suna jan zobban suna hawan juna. Na ciki ya tsuke ya kama shaf, na waje ya buɗe ya tokare cikin fuli. Riƙon ya kewaye shaf ɗin ko'ina, babu wurin da zai yi wasa. Ɗaurin ma da ladabinsa: a bi kusoshin ɗaya a nan ɗaya a tsallake, kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye, da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri. Ɗan shafen mai marar kauri ya isa. Wanda ya lafta masa baƙin giris mai santsi ya kashe riƙon da hannunsa. In za a cire, akwai ramukan da aka bari musamman, a mayar da kusoshi ciki su turo zobban su rabu, ba guduma ba wuta.

To na nemi mutane su kawo suna, ga waɗanda suka shigo hannuna tun daren jiya.

Wani malamin makaranta daga Jega ya ce "makulli marar ki". Malam, a yi haƙuri, a kunnen Bahaushe ki ai shi ne makulli, sai ya zama kamar ka ce ruwa marar lema. Wani ya kawo "mahaɗin gogayya", don wai Turawa da kalmar gugar abu biyu suke bayyana shi. Wannan na fi ƙin sa. Gogayya sai abu biyu na motsi suna cin juna, shi kuwa wannan ranar da ya fara guga ranar ya lalace. Ba mu da dalilin ɗauko kalmar da ke nuna akasin aikinsa.

Wani abokin aikina a Birnin Kebbi ya ce mu dai cewa muke "ya cije", a ciro suna daga nan. Na ce bismilla, ciro. Ya yi shiru, sannan ya fashe da dariya, don abin da ke fitowa shi ne maciji. Ka aiki yaro kasuwa ya sayo maka maciji mai kusa takwas ka gani.

Wanda ya gyara min tunani wani dattijo ne maƙeri da muke sallah masallaci ɗaya. Na zana masa abin a ƙasa da tsinke. Ya duba ya ce, "Ɗana, wanga ai ruwan gatari na da ƙota. Wa ya taɓa sa ma gatari ki? Gindin ruwan siriri ne, yana shiga yana kauri, kana sara yana ƙara damƙa." Na ce Baba, ka gama magana. Damƙa ita ce kalmar, riƙon da hannu ke yi in ya kewaye abu ya matse.

Don haka ni na tsaya a kan "zoben damƙa". Ya faɗi siffa, ya faɗi aiki, kuma bakin yaro zai iya ɗaukarsa a cikin ƙarar inji. "Zoben matsi" ma ya yi kusa, amma matsi na iya zama na roba mai hana mai zuba, za a riƙa rikita su a shago. Kalmar zobe kuwa ba mu kaɗai muka gan ta ba. Kamfanin Ringfeder na Jamus, wanda aka kafa a 1922 kuma ya yi suna a wannan sana'a, farkon sunansa ma zobe yake nufi da Jamusanci.

Saura ɗan'uwansa, wanda ba ya shiga tsakani, sai dai ya kewaye wuyan giya ta waje ya matse shi a kan shaf. Wani daga Yawuri ya ce a kira shi "ɗamara", kuma ya kwanta min, sai dai ina so in ji ta bakin mutanen Gusau masu injinan gurzar auduga tukuna.

Da safen nan na gwada yaron. Na ce ya miƙo min zoben damƙa, ban nuna ba, ban ƙara bayani ba. Ya tsallake boris biyu da ke kan benci ya ɗauko shi.