Hancin ɗiyata ya toshe, in raba mata ƙwayar murar babanta?

Maman Nafisa, Tawa:
Assalamu alaikum jama'a. Tunda hunturu ya shigo da ƙurarsa Nafisa ke fama da mura. Shekararta 4, nauyinta kilo 16. Da dare hancin ya toshe gaba ɗaya, da baki take numfashi, ba ta barci ni ma ba na yi. Maigidana yana da Actifed Rhume da ya saya don kansa, kuma surukata ta ce in raba ƙwaya biyu in ba ta rabi. Hannuna ya ƙi, gabana faɗuwa yake. Rabin zai yi mata illa? Shi kansa yana shan maganin tansiyon, wato hawan jini, ya dace ya haɗa su?

Baban Yasmin, Yamai:
Wa alaikumus salam. A farmasi nake aiki. Ƴar'uwa, don Allah kar ki ba ta, ko kwata. Kowace ƙwaya tana da pseudoéphédrine miligiram 60 da parasetamol 500. Na farkon yana matse jijiyoyin jini ne don hanci ya buɗe, amma duk jiki yake matsewa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jini ya hau. Duba takardar cikin kwalin, za ki ga an hana wanda bai kai shekara 15 ba. Babba ma ƙwaya ɗaya ce bayan awa 6, kar ya wuce kwana 5. A Faransa, tun Disamba 2024 ba a sayar da irinsa sai da takardar likita, saboda haɗarin shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya. Maigidanki ne ma ya fi tayar mini da hankali. Mai hawan jini ya ajiye shi har sai ya tambayi likitansa. Mai ciki da mai shayarwa su ma ba nasu ba ne.

Hajiya Kaka:
Ɗiyata, na raini yara da jikoki a wannan sanyin. Sayi ruwan gishirin wanke hanci na farmasi, ƴan ƙananan robobin nan. Ki kwantar da ita a gefe, ki matsa a hancin sama, ta fyace, ki juya ta. Kafin barci da kafin cin abinci. Ki yawaita ba ta ruwa da kunu mai ɗumi, ki yayyafa ruwa kafin shara. Surukarki alheri take nufi, ki lallaɓa ta, ki ce ƴan farmasi ne suka hana.

Malam Majo:
In ƙara kan na Baban Yasmin. In akwai zazzaɓi, parasetamol na yara ana auna shi da nauyi: miligiram 15 kowane kilo, bayan awa 6. Kilo 16 ya kama 240, da ma'aunin da ke cikin kwalin siro, ba cokalin shayi ba. Manya kuma su daina haɗa ƙwayar mura da wani parasetamol, hanta ce ke wahala. Maganin feshin hanci mai buɗewa nan take shi ma kar ya wuce kwana 5, in an zarce toshewar dawowa take fiye da da. Zazzaɓi kuma a garinmu sai an gwada jini don maleriya. In kin ga numfashinta na sauri, ko haƙarƙarinta na lotsawa, ko ta ƙi sha, ki kai ta CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko da tsakar dare ne.

Maman Nafisa, Tawa:
Allah ya saka da alheri. Na wanke mata hancin, ta yi kuka amma ta samu barci har asuba. Jikinta da ɗan zafi, yanzu za mu je a gwada jinin. Kwalin kuma na ba Baban Nafisa ya tafi da shi wajen likitansa.