Ɓerayena na ramewa bayan an sa musu bututun matsarmama

Ɗalibar digiri na biyu: Salam, malamai. Ina tattara ruwan matsarmama daga ɓerayen gwaji nau'in Wistar ta bututu. Kwana ɗaya kawai, idanunsu sun faɗa, fitsari ya ragu, ruwan matsarmamar ma ya koma ɗigo-ɗigo. Ga ruwan sha a gabansu. Ina matsalar take?

Likitan dabbobi: 'Yar'uwa, ba ruwa kaɗai suke asara ba. Ɓera ba shi da jakar matsarmama, hanta na zubo ruwan dare da rana, ɗauke da sodiyam, kulorayid da bikabonet. Bikabonet na fita, jini zai yi tsami. Ki auna abin da ya fita, ki mayar da shi da Ringer's lactate, wani ruwan ƙari mai gishirin jiki, ta jijiya ko ƙarƙashin fata. Ruwan gishiri 0.9% ba ya gyara tsamin.

Ma'aikacin laburatare: Dokta, a ƙara da ɗumi. Ɓeran da ya yi sanyi, ruwan nan raguwa yake. Ki riƙe jikinsa a digiri 37, ki riƙa auna nauyinsa kowace safiya.

Likitan dabbobi: Haka ne. Kuma gishirin matsarmama da hanji ke mayar wa hanta ya yanke, shi ya sa ɗigon. A ɗura taurokolet, wani nau'in gishirin matsarmama, cikin hanji.