Abin da aka tattara kan ƙwayar cuta da ke shiga jini

Jama'a, maganar da aka yi ta yi kan alamun wannan cuta da yadda ake maganinta ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Ƙwayar cuta na shiga ta rauni, huhu, mafitsara ko cibiyar jariri. Idan jiki ya yaƙe ta fiye da kima, sai ya ɓata nasa gaɓoɓin: ƙarfin bugun jini ya faɗi, ƙoda ta daina aiki. Wannan shi ne sefsis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum miliyan 11 a 2017.

2. Alamun da ke sa a garzaya likita: zazzaɓi mai zafi ko jiki ya yi sanyi ƙalau, numfashi sama-sama, rikicewar hankali, wuni guda ba fitsari. Jariri kuma ya ƙi nono, ya yi laushi. Kada a jira gari ya waye.

3. Mai jego da jininta ke wari tare da zazzaɓi, a kai ta likita nan take. Kada a sa wa cibiyar jariri toka ko man shanu.

4. Lokacin zafi a Damagaram, wuya ya sanƙare da zazzaɓi, a tuna da sanƙarau.

Inda aka rabu:

Wasu sun ce kafso na masu talla ya wadatar, saboda tsadar takardar magani. Ma'aikatan lafiya sun ƙi, suka ce rabin magani ƙara wa ƙwayar taurin kai yake, kuma sefsis sai allura da ƙarin ruwa. Ni ma nan na tsaya.

Kan jiƙo da rubutu ma an ja. Mafi yawa sun ce addu'a ba ta hana a kai mara lafiya babban asibitin Zinder.