Diski ya cika, amma ban ga abin da ya cika shi ba

Habu Mai Hoto:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina cikin damuwa. Kwamfutar da nake montaj ɗin bidiyon biki da suna da ita, Windows 10 ce ta Faransanci, na saye ta hannu na biyu daga wani ɗan uwan matata da ya kawo ta daga Yamai, ya ce diskinta jiga 256 ne, amma ni 238 nake gani. Yanzu C: ya yi ja, jiga 3 kawai suka rage. Ranar Juma'a zan miƙa bidiyon wani aure da aka yi a Birni, uwar amarya ta riga ta biya rabin kuɗi, kuma ba mutuniyar da ake ce wa ta dawo gobe ba ce. Na lissafa dosiye ɗaya bayan ɗaya: Vidéos 61, Bureau 22, Téléchargements 9, Program Files 18, Windows 27. Duka 137 ke nan. Ina sauran wajen 98 suke? Na zubar da Corbeille. Ko ƙwayar cuta ce? Don Allah kada wanda ya ce in yi formataj.

Isufu:
Wa alaikumus salam. Ka yi formataj kawai, ka huta. Kwamfutar hannu na biyu ba a san abin da aka bari ciki ba.

Malam Laminu:
Isufu, mutum ya ce kada a ce masa haka. Habu ƙanena, ba a cuce ka ba a kan 238 ɗin. Masu ƙera diski suna lissafi da 1000, Windows kuma da 1024, shi ya sa 256 ke fitowa 238. Wannan a ajiye shi.

Lissafinka ne bai cika ba, domin Windows yana ɓoye abubuwa hawa biyu. Na farko: buɗe Explorateur, Affichage, ka sa alama a Éléments masqués. Nan AppData da ProgramData za su bayyana. Na biyu ya fi zurfi: Options, Affichage, ka cire alamar "Masquer les fichiers protégés du système d'exploitation". Sai ka ga hiberfil.sys da pagefile.sys zaune a bakin C:. Amma ko da haka System Volume Information zai nuna maka 0, don ba ka da izinin shiga. Saboda haka ka daina ƙirga da hannu. Sauke WizTree, ƴan mega kaɗan ne, ka danna dama, Exécuter en tant qu'administrateur. Yana karanta teburin fayiloli na NTFS kai tsaye, cikin daƙiƙoƙi zai jera maka komai daga babba zuwa ƙarami. Kada ka share komai tukuna. Kawo mana manyan biyar, ka kuma faɗa mana RAM nawa ce da manhajar da kake montaj da ita, ba ka faɗa ba.

Ramatu:
WinDirStat ma yana yi, sai dai ya fi jinkiri. Ƙari a kan na Malam: buga cleanmgr, ka zaɓi "Nettoyer les fichiers système". In akwai Windows.old ko tarkacen sabuntawa, nan ake cire su. Amma ka karanta jerin kafin ka danna, a wasu nau'o'in Windows 10 har Téléchargements yana ciki.

Lawali:
Matsalar ba ta Habu kaɗai ba ce. Masu kawo injuna su cika su da manhajoji ashirin da ba wanda ya roƙa, su ce kyauta ce. Ga sabuntawa tana cinye kuɗin intanet, mutum ya sa na wata ya ƙare a sati. Ka shiga C:\Windows\Installer da WinSxS, kullum su ne manya, ka share.

Malam Laminu:
Subhanallahi. Lawali, ka janye wannan kafin wani ya bi. Installer yana riƙe fayilolin da ake buƙata wajen gyara ko cire ko sabunta manhaja. Ka share shi, ranar da za ka cire Office ko ka sabunta shi zai ce bai ga fayil ba. WinSxS kuma girman da kake gani ƙarya ne, fayiloli da yawa a cikinsa su ne dai na System32, ana ƙirga su sau biyu. In ana son rage shi, a buɗe cmd, tagar da ake buga umarni, da izinin administrateur:
Dism /Online /Cleanup-Image /AnalyzeComponentStore
in ya ce a tsaftace:
Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup
Ban da wannan kada hannu ya shiga can.

Habu Mai Hoto:
Malam na gode. RAM 16 ce, Premiere nake amfani da shi. Ga abin da ya fito: Media Cache Files 41, MobileSync 29, System Volume Information 14, pagefile.sys 7, hiberfil.sys 6 da ɗan abu.

Malam Laminu:
To ga 98 ɗinka, ba ƙwayar cuta ba ce. Mu bi su.

Media Cache Files yana cikin AppData\Roaming\Adobe\Common. Duk bidiyon da ka shigar, Premiere yana fitar da sautinsa zuwa fayil .cfa don aiki ya yi sauri, ga kuma .pek na zanen sautin. Kana gama aiki ka share bidiyon, su suna nan. Jiga 41 ɗin nan bukukuwan bara ne da na bana. Buɗe Premiere ba tare da ka buɗe wani aiki ba, Édition, Préférences, Cache de média, ka share. A wannan shafin akwai inda za ka sa ya riƙa share waɗanda suka wuce kwanaki kaza da kansa, da inda za ka mayar da ma'ajiyar zuwa wani diski.

MobileSync ajiyar iPhone ce da iTunes ya yi. Kowace waya da dosiyenta mai dogon suna a cikin Backup.

System Volume Information wuraren komawa baya ne, wato kwafin da Windows ke ajiyewa don mayar da kwamfuta yadda take a da in ta samu matsala. A cmd, duba da vssadmin list shadowstorage, sannan ka taƙaita:
vssadmin resize shadowstorage /for=C: /on=C: /maxsize=5GB
Tsofaffin za su tafi, wajen jiga 9 ka samu.

hiberfil.sys, inda Windows ke adana aikin da ke buɗe in kwamfuta ta shiga dogon barci, yakan kai kashi 40 cikin 100 na RAM, 16 ke nan ta ba ka 6.4. powercfg /h off zai kawar da shi nan take. pagefile kuwa, wanda Windows ke amfani da shi in RAM ta cika, ka bar shi.

Isufu:
Da RAM 16 me zai yi da pagefile? A kashe shi, jiga 7 ba wasa ba ne.

Ramatu:
A'a Isufu. Lokacin fitar da bidiyo RAM tana cika, in babu pagefile manhajar rufewa take yi ana tsakiyar aiki. Kuma Malam, ban yarda da kashe hiberfil ba. Garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, musamman lokacin zafi, shi ne ke adana aiki in batir ya kusa mutuwa. Ko powercfg /h /type reduced ma bai dace da shi ba, yana rage fayil ɗin amma yana cire wannan barcin.

Habu Mai Hoto:
Gaskiyar Ramatu ce, batirina minti goma yake yi, ba zan taɓa hiberfil ba. Cache ɗin ma Malam ina tsoro, auren Birni yana kan tebur, na yi yankan awa biyu. In ya ɓata fa? MobileSync kuma ni ban da iPhone, ina jin na ɗan uwan matata ne. Wayarsa ta ɓace kwanaki, watakila hotunansa na nan ciki. In na share maganar ta zama ta gida.

Malam Laminu:
Yankanka yana cikin fayil .prproj, ba cikin cache ba. In ka share, da ka buɗe aikin zai sake gina na wannan auren kaɗai, ka jira ɗan lokaci. In zuciyarka ba ta kwanta ba, zaɓi share waɗanda ba a amfani da su kawai. MobileSync kuma ba na ce ka share ba, kwafe dosiyen Backup gaba ɗaya zuwa diskin waje, ka gwada girman biyun da adadin fayiloli sun yi daidai, sannan ka cire na C:. Ka ƙi 41, ka ƙi 29, ka ƙi 6, a jiga 3 za ka fitar da bidiyon awa biyu?

Lawali:
Diskin waje ma a yi hankali, akwai na jabu a kasuwa, a rubuta tera ɗaya ciki kuwa ko 64 bai kai ba. Sai ka kwafe ka share sannan ka gane.

Habu Mai Hoto:
Ba ni da diskin waje, wanda nake da shi yana wajen wani abokin aiki a Mirriya. Na yi vssadmin ɗin, yanzu 12 nake da su. Cache zan bari sai bayan Juma'a. In na sauke ingancin bidiyon zuwa 720 zai shiga cikin 12 ɗin?

Isufu:
Da ka yi formataj tun safe da yanzu ka gama.

Malam Laminu:
Ba 720 ke yanke girma ba, yawan mega a daƙiƙa ne. Awa biyu a megabit 10 wajen jiga 9 ne, ka bar wa Windows 3 ke nan, ka koma inda ka fara. Share cache ɗin, Habu.

Habu Mai Hoto:
To in na sa 8 fa?