Masu asma mai tsanani, wa aka taɓa yi wa awon ƙashi?

Maman Sadiya, Shara Mansur, Makka: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 11 ke nan ina fama da asma, kuma duk sanda ƙirji ya ɗaure ƙwayar prednisolone ake ba ni, wadda muke ce wa kortizon. Wata biyu da suka wuce na sunkuya zan sauke tukunyar shinkafa, sai na ji bayana ya yi ƙas. Hoto ya nuna ƙashin baya ɗaya ya lotsa. Da aka yi min awon DEXA, wato awon ƙarfin ƙashi, lambar ta fito -2.8, likita ta ce daga -2.5 zuwa ƙasa ƙashi ya riga ya zaizaye. Abin da ke ci min rai, duk shekarun nan ba wanda ya ce min maganin da ke buɗe min numfashi yana cin ƙashina. Yanzu a kujera nake salla. Don Allah wanda ya shiga irin wannan ya faɗa mana.

Hajiya Babba, Jidda: Sannu 'yata, Allah ya sa kaffara ne. Ni gwajin jini ne ya fara ruɗa ni. Kalsiyam ɗina ya fito daidai, na dawo gida da murna, ashe ba shi ke nuna ƙarfin ƙashi ba. Likita ya ce jiki na iya kwaso kalsiyam daga ƙashi ya zuba a jini, takarda ta yi kyau alhali ƙashi na rubewa a ɓoye. Bitamin D ɗina kuwa 9 ne, ga shi ƙasa da 20 ma ƙaranci ake kiransa. Na ce ina, ga rana kamar wuta a garin nan? Ya tambaye ni yaushe rabon da ta taɓa fatata. Na rasa amsa. Daga ɗaki mai sanyi sai mota, daga mota sai wani ɗakin.

Direba daga Madina: Anti, ki tambaye su adadin iyosinofil ɗinki, wasu ƙwayoyin jini ne farare da ke hura wutar asma a jikin wasunmu. An fara gwada ni ina tsakiyar shan kortizon, ya fito ƙasa sosai, domin maganin na danne su. Bayan na gama kwanakin shan aka sake, ya haura 300. Daga nan aka sa ni a allurar mepolizumab, sau ɗaya duk sati 4. Tsada gare ta, na sha zirga-zirga kafin inshora ta amince. Amma bana an yi guguwar ƙura ban kwana asibiti ba.

Ummu Basma, Jarwal: Yaya, ki yi wa Allah kada tsoro ya sa ki daina ƙwayar lokaci guda. Ni na yi haka da na ji labarin ƙashi. Kwana uku jiri da amai suka kayar da ni, jinina ya sauka, sai ɗauka ta aka yi. Jikin da ya daɗe yana samun kortizon daga waje yakan rage yin nasa. Abin shaƙa kuma kada ki ajiye shi, abin da ke shiga jini daga gare shi bai kai na ƙwaya ba ko kusa.

Maman Sadiya: Na gode, Allah ya bar zumunci. An ɗora ni kan alendronate, maganin ƙarfafa ƙashi, sau ɗaya a sati, da safe kafin in ci komai, da ruwa kofi guda, kuma ba kwanciya sai bayan minti 30. Turaren wuta ma na fitar da shi daga ɗaki, ko da yake ya yi min wuya. Ranar Lahadi zan koma, na rubuta iyosinofil da bitamin D a bayan katina don kada in manta. Malam direba, kwana nawa ka yi da gama ƙwayar kafin a sake ɗibar jinin?